Kowace Kalmar Jarida Da Nauyinta

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, na Sabon Badun da Agege da Idi-Araba, da na Shagamu da Anacha da Fatakwal. Yau ina so mu tattauna a kan waɗansu 'yan kalmomi da kuke ji kullum a rediyo, kuke kuma gani a wannan shafi da sauran jaridu, waɗanda yawan jinsu ya sa kunne ya daina tsayawa a kansu. Ina nufin irin su "an ce", da "ana zargin", da "majiya mai tushe", da "aƙalla", da "an ƙaddamar". Mutumin da ke zaune a gida, in ya ji labari ya yi shakka, sai ya zura takalmi ya je ya gano wa idonsa. Ku kuwa da ke da tafiyar yini da kwana tsakaninku da gida, kalmomin nan su ne idonku. Da su kuke yanke shawara ko ku aika da kuɗi, ko ku ɗora kaya a mota, ko ku kwashe iyali ku taho, ko ku yi zamanku. Saboda haka ya wajaba ku san nauyin kowace ɗaya, mu kuma da ke rubuta su ya wajaba mu daina tauye mudu.

Daga Gombe nake rubuto wannan, kuma galibin abin da ke iso muku da sunan labarin Gombe daga unguwa guda yake tasowa, watau GRA. Tun zamanin Turawa ake keɓe irin wannan unguwa a manyan garuruwa domin ma'aikatan gwamnati, nesa da hayaniyar cikin gari. Da Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996, sai darajar unguwar ta ƙaru, domin kuwa a nan da kewayenta manyan gwamnati da 'yan siyasa suke zaune, a nan akan kira taron manema labarai, a nan akan raba takardun sanarwa. Wannan ba laifi ba ne, gwamnati dole ta yi magana da jama'arta. Sai dai tsakanin GRA da Tudun Hatsi, ko Jekadafari, ko Bolari, tafiyar 'yan mintoci ce kurum, amma sau da yawa labari yakan kai Ikko bai bi ta can ba.

To, a nan ne bambanci na farko yake, watau tsakanin sanarwa da rahoto. Sanarwa maganar mai ita ce. Ma'aikata ko jam'iyya ko kamfani su ke rubuta abarsu, su zaɓi abin da suke so a ji, su bar abin da ba sa so. Wanda ke karanta ta shi muke kira kakaki, kuma duk wanda ya ɗauko wannan suna daga ƙofar fada ya san abin da yake yi, gama ba a taɓa jin kakaki ya busa aibin sarki ba. Rahoto kuwa aikin ɗan jarida ne: ya je, ya gani, ya tambayi mai ƙara, ya tambayi wanda ake ƙara, sa'an nan ya rubuta. In an ɗauko sanarwa aka cire hatimin da ke samanta, aka maƙala "daga wakilinmu", an sayar muku da gero a buhun shinkafa. Alamar gane ta ba wuya: muryar mutum ɗaya za ku ji daga farko har ƙarshe, kuma kowane sakin layi yana farawa da "ya ƙara da cewa".

Kalmomin nan ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne suka yi gumi a kansu. Jarida da mujalla da sharhi, har da labari kansa, daga Larabci muka aro su. Edita da rahoto da rediyo daga Ingilishi suka shigo, Bahaushe ya tanƙwara su suka zauna a bakinsa. Kanu, da majiya, da ganau, da jiyau, namu ne na gado. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, babu wani ƙamus na aikin jarida da za a buɗa a duba. A watan Satumban shekarar Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, dole aka nemo wa abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani ba sunayen da zai gane. Cikin shekarun 1950 aka yi jaridun larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, da Zumunta ta Lardin Bauchi, wanda Gombe ke cikinsa a lokacin. Daga nan rediyo ya karɓa: Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Daga hannun irin waɗannan ma'aikata muka gaji Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙuri'ar raba gardama, da yaƙin cacar baka, da jirgin sama mai saukar ungulu. Dubi yadda kowace ta faɗi ma'anarta da kanta, ko tsohuwa a ƙauye ta ji ta gane. Waɗanda suka yi wannan aiki sun ɗauki mai sauraro da daraja.

Abin da ya fi muhimmanci cikin gadon da suka bari shi ne tsani, watau kalmomin da ke nuna yadda mai ba da labari ya san abin da yake faɗi. A ƙololuwa akwai "wakilinmu ya gani da idonsa". Ƙarƙashinsa akwai ganau, mutumin da abin ya faru a gabansa ya kuma shaida wa wakili. Sai jami'in da aka ambaci sunansa da muƙaminsa, wanda gobe ana iya komawa a ce da shi kai ka faɗa. Sai majiya, wadda aka sakaya sunanta. Sai "rahotanni sun ce", wanda ma'anarsa ita ce mu ma a wata jarida muka gani. Can a ƙasa kuma sai "an ce", da ƙishin-ƙishin, da raɗe-raɗi, da jita-jita, waɗanda ba su da uwa ba su da uba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Malaman hadisi sun bambanta wanda ya ce na ji da kunnena da wanda ya ce an ruwaito, sukan kuma bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya su auna gaskiyarsu da ƙarfin haddarsu kafin su karɓi magana. A Suratul Hujurati ma an umarci muminai su yi bincike in wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, don kada su afka wa mutane cikin jahilci. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da hanin shaidar zur a cikin Dokoki Goma. Ashe ɗan jaridar da ya haɗa ganau da jiyau a kwano ɗaya, kakanninsa ma ya saɓa wa, ba malaman da suka koya masa aiki kaɗai ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan majiya, domin ita ce aka fi zalunta. Dalilin sakaya suna shi ne kare mai gaskiya daga mai ƙarfi. A 1973, a Fatakwal inda waɗansunku ke zaune, aka kama Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer, aka aske masa kai aka yi masa bulala 24, saboda labarin koke-koken malaman makaranta da ya fito ranar bikin haihuwar gwamnan soja na jihar. A 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda ƙarƙashin Doka ta 4, a kan labarin naɗin jakadu, kuma ba su tona waɗanda suka ba su labarin ba. In wannan ne abin da ke samun mai alƙalami, to, yaya ƙaramin akawun da ya ga ɓarna a ofis ya kuma faɗa? Don irinsa aka yi kalmar. Amma yau sai ka ga ɗan siyasa yana son ya ɓata abokin hamayyarsa, ba ya kuwa son a ga hannunsa, sai ya kira yaro ya raɗa masa magana a bakin ƙofar gida, gobe ta fito da rawanin "majiya mai tushe". Wane tushe? Ƙa'idar aiki ita ce edita ya san ko wace ce majiyar, a kuma nemi ta biyu wadda ba ta haɗa baki da ta farko ba, a kuma gaya wa mai karatu abin da ya sa ta san maganar, ko tana cikin taron ne, ko takardar ta bi ta hannunta. In ba a gaya muku ko ɗaya daga ciki ba, ku ajiye labarin a matakin "an ce" har sai wani mai suna ya tsaya a bayansa.

Haka "ya bayyana". A Hausar kirki, abin da ke akwai a ɓoye shi ake bayyanawa, kamar wata in hadari ya yaye. Idan aka rubuta cewa wane ya bayyana an kashe kaza wajen gina asibiti, jarida ta riga ta sa hannu cewa haka ɗin ne. Abin da ya kamata shi ne "ya ce", wadda ba ta gaskata ba ta kuma ƙaryata. In akwai dalilin shakka sai a ce "ya yi iƙirari". Amma ku lura da kyau, jaridar jam'iyya takan ba nata mutane "ya bayyana", ta ba 'yan hamayya "ya yi iƙirari", ko da kuwa duk su biyun ba wanda ya kawo hujja. Wannan shafi na jaridar jam'iyya ne, kowa ya sani, ba ma ɓoyewa. Muna da ikon mu yi wa jam'iyyarmu yaƙi a filin sharhi da ra'ayi, kamar wannan da kuke karantawa, inda mai rubutu ke cewa ga abin da nake gani. A filin labari kuwa mudu ɗaya ya kamata a auna wa kowa, in ba haka ba ranar da muka zo da gaskiya tsantsa ba wanda zai saya.

Akwai kuma kalmomin aikin gwamnati, waɗanda su ne suka fi taɓa aljihunku. An amince, an ware kuɗi, an saki kuɗi, an ba da kwangila, an aza harsashi, an ƙaddamar, an kammala, an fara amfani. Matakai takwas ke nan, kuma tsakanin kowane da mai bi masa aiki yana iya kwana shekaru, ko ya mutu ɗungum. Mu mutanen Gombe muna da darasi a ƙofar gida. Tun cikin shekarun 1980 aka gama madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, amma wutar lantarkin da aka yi ta ambato tare da ita sai da aka haura shekara talatin kafin injinan su fara juyawa. A watan Oktoba 2019 kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar gano mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ran 22 ga Nuwamba 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin. Duk wanda ya ji wannan a Agege ya ɗauka mako mai zuwa man Kolmani zai iso gidajen mai, ya ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba. Ƙaddamarwa buɗe taro ce da addu'a. Kafin ka aiko da kuɗin da ka tara cikin rana da ruwan Kurmi a saya maka fili saboda an ce za a yi titi ta wurin, tambayi a wane mataki maganar take, ka kuma aiki ƙaninka ya je ya ga ko akwai katafila a wurin ko kuwa allo ne kawai aka kafa.

Wannan duk maganar dukiya ce, ita kuwa in ta tafi ana iya mayar da ita. Inda kalma ke taɓa rai ya fi ban tsoro, kuma ku kuka fi kowa sanin haka. Ku ɗauki "ana zargin". Ma'anarta ita ce an ɗora wa mutum laifi, ba a tabbatar ba, alƙali bai yanke ba. Amma kalma ce mai sauƙin faɗuwa a hanya. Edita yakan jefar da ita don kanun labari ya shiga fili, mai fassara daga Turanci yakan manta da ita, mai tura saƙo a WhatsApp kuwa bai ma san tana nan ba. A watan Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Tsakanin zargi da hukunci ko yini guda ba a yi ba. Kuma kada mu ce wannan halin waɗansu ne, mu ba ruwanmu. A watan Yuli 1999 da aka yi kashe-kashe a Shagamu, labari ya isa Kano, cikin 'yan kwanaki aka afka wa mutanen Kudu mazauna can waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Duk sa'ad da aka yi ramuwar gayya a Arewa, wa ke kwana da ido ɗaya a Kudu in ba ku ba?

Shi ya sa adadin mamata ba abin wasa ba ne. "Aƙalla" na nufin wannan shi ne abin da aka ƙidaya aka tabbatar, mai yiwuwa ya fi haka. "Kimanin" ƙiyasi ne. "Da dama" kuwa na nufin ba wanda ya ƙidaya. Hukuma takan so adadi ya ragu don kada a ga gazawarta, waɗanda aka zalunta kuma zafin rai yakan sa su ƙara. Aikin wakili shi ne ya faɗi na kowa da sunan mai shi, ya kuma je asibiti da maƙabarta, ya tambayi Sarkin Hausawan wurin da limamin da ya yi sallar jana'iza. Lokacin rikicin kasuwar Sasa a Badun, cikin Fabrairu 2021, wanda ya faro daga saɓanin mutane ƙalilan ya ƙare da ƙone shaguna da gidaje da asarar rayuka, duk mai waya ya zama gidan rediyo, adadi iri-iri suka yi ta yawo. Kafin watan ya ƙare dillalan abinci da na shanu sun tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya ga yadda magana daga bakin kasuwa guda ta kai ga tukunyar kowa.

Harshenmu yana da wata 'yar ƙaramar kalma mai daɗin ɓuya, watau "an". An kashe, an ƙone, an kwashe. Wa ya kashe? In ba a sani ba, a faɗa a fili cewa ba a san ko su wa ne ba. In kuwa an sani aka ɓoye a bayan "an", an taimaki mai laifi. Haka "sun rasa rayukansu", sai ka ce hula ce ta faɗi a kasuwa. Wanda mota ta kife da shi ya rasu, wanda aka harba kuwa kashe shi aka yi. "Arangama" tana nufin ɓangare biyu ne suka gwabza, kowa da makaminsa. Idan mutane na barci aka faɗa musu, hari ne, kiransa arangama raba laifi ne tsakanin mai yanka da abin yanka. Wannan doka ba ta san ƙabila ba: ko namu ne aka kai wa, ko namu ne suka kai, sunan abin ɗaya ne.

Sai maganar laƙaba wa mutum ƙabila. A Kudu duk wanda ya fito daga hayin Kwara da Binuwai Bahaushe ne, in an ga sanda a kafaɗarsa kuma Bafulatani. Mu a Jihar Gombe mun san akwai Fulani da Hausawa, akwai Tangale da Waja da Tula da Tera da Bolawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kowa da harshensa. Amma ranar da jarida ta buga cewa Bahaushe ya yi kaza, Batangalen Billiri mai gadi a Ikeja da Bateren Deba mai sayar da albasa a Mile 12 duk sun shiga uku tare. Ɓarawo sunansa ɓarawo, in an san sunan yankansa a faɗa. Ba a ambatar ƙabilarsa ko addininsa sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da su. Muna neman wannan adalci daga jaridun Ikko da Badun, to, wajibi ne mu ma mu yi shi in ɗan Kudu ya yi laifi a Sabon Garin Kano ko a cikin Gombe. "Makiyayi" ma sana'a ce ta halal tun kaka da kakanni, bai kamata a mai da ita wani suna na ɗan bindiga ba.

Akwai wata kalma da ba ta fitowa a shafi amma tana tuƙa abin da ke fitowa, ita ce "na goro", ko "kuɗin mota", ambulan ɗin da akan miƙa bayan taron manema labarai. Ba zan ɗora wa wakilai laifin duka ba, gama da yawansu albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata, waɗansu ma sai a yi watanni ba a biya su ba, kuma mai gidan jaridar da ya ba yaro katin shaida ya ce je ka nemi abincinka ya fi shi laifi. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya a buga maganarsa talla ya yi, kuma ƙa'ida ita ce a rubuta "talla" a samanta ƙuru-ƙuru yadda mai karatu zai gani.

"Da ɗumi-ɗumi" kuwa ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Tun da wayar hannu ta zo, har labarin bara ana ɗumama shi a kawo muku da hoton wata ƙasa. Ku dubi kwanan wata tukuna.

Ga roƙona ga shugabannin zango da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tun da su jama'a ke dubawa in hankali ya tashi. Duk saƙon da ya zo cewa an yi kaza a gida, ko an yi wa namu kaza a wani gari, kafin a karanta shi a masallaci ko a tura wa wani, a yi masa tambaya uku: wa ya faɗa, ganau ne ko jiyau, kuma yaushe abin ya faru? A Gombe akwai gidan rediyon jiha, akwai Jewel FM ta Rediyon Nijeriya, akwai tashoshi masu zaman kansu, kuma babu wanda ba shi da ɗan'uwa mai waya a Pantami ko Tudun Wada ko Herwagana. Kira biyu sun isa a gane ko gobara ce ko hayaƙin murhu.

Ga editocin shafukan Hausa da na gidajen rediyo kuma, har da na wannan jarida, ina ba da shawara a zauna da malaman Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da na nan Gombe, a tsara ɗan littafi na kalmomin aiki, a rubuta a ciki inda ake cewa "ya ce" da inda ake cewa "ya bayyana", da sharuɗɗan da za a cika kafin a kira majiya mai tushe, a ba kowane sabon wakili da mai fassara kwafi ranar da ya kama aiki. Kuma duk wakilin da ya kawo labari daga taron GRA, kada a karɓa sai ya biya ta unguwar da maganar ta shafa ya jiyo bakin mutum biyu ko uku.